Man da Ya Dahu

Illo mutum ne da ba ya kawo saƙo cikakke. In ka aike shi kasuwa da magana uku, biyu za su zube a hanya, wadda ta yi masa daɗi ita ce za ta iso gida. Matarsa Salima ta san wannan hali tun suna da ƙuruciya, shekara talatin da ɗaya ke nan tana fama. Sai dai ranar da ya dawo daga Magariya da zancen likita, tsoro ya sa ta mance da halin mijinta, ta karɓi maganar yadda ya kawo ta.

Abin ya faro ne a bakin rijiya, farkon bazara. Illo yana shayar da shanunsa, ya jawo guga na bakwai ko na takwas, sai aka ga ya saki igiya ya zauna daɓas a cikin taɓo, hannu dafe da ƙirji. Da aka taso shi ya ce santsi ne. Wane irin santsi ne yake sa mutum haki kamar ya yi tsere da doki? Salima ba ta bar shi ya sha ruwa da daɗi ba har sai da ya yi alkawari, in ya kai bijimi kasuwar Magariya zai biya gidan likita a duba shi.

Ya biya kuwa. Ya dawo da ƙwayoyi na wata guda a ƙulle cikin leda, ya zauna kan tabarma yana ba da labari kamar wanda ya ciwo yaƙi. Wai an ɗaura masa wani abu a dantse an hura, an ce tansiyo ce, jininsa ya hau, zuciya tana aikin da ya fi ƙarfinta. An hana shi gishiri mai yawa, an hana shi man shanu. Nan ya ɗan ɓata fuska, don mai shanu a raba shi da man shanu ai an taɓa shi. Sannan ya washe baki ya ce amma majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya faɗa masa man riɗi da man gyaɗa suna tsare zuciya.

"Kin ga ke nan magani a ɗakinki yake," in ji shi.

A ɗakinta yake kuwa. Duk ƙauyensu, can gefen Guci, babu mai matsar mai kamar Salima. Takan soya gyaɗa ko riɗi sama-sama, ta kai inji a niƙa, ta zuba a turmi tana yayyafa ruwan zafi tana juyawa har mai ya taso. Wannan na farko, garau kamar a duba fuska a ciki, shi take ɗurawa a kwalabe. Ba ta yarda da murfin roba ba. Totuwar masara take yankawa ta naɗe da shuɗin ƙyalle ta toshe bakin kwalba, yadda uwarta take yi. Ranar kasuwar Guci kafin azahar ya ƙare, akwai ma wata 'yar kasuwa daga Magariya da take kwashe kwalba goma duk mako. Na gida kuwa shi ne wanda ya rage a kasko bayan an toya ƙuli-ƙuli. Haka kowace mai matsa take yi, fari na kasuwa, na kasko na miya. Ba rowa ba ce, ba wanda ya taɓa tunanin akwai wata hanya daban.

Kwana biyu Salima tana juya zancen a ranta. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta shiga ɗaki ta fito ba ta san abin da ta shiga nema ba. In mai magani ne, yaya ake shansa? Nawa? A ɗanye ko a dafe? Ta tambayi Illo, ya ce shi dai an ce mai. Daga ƙarshe ta yafa mayafi ta tafi gidan Aisa, yayar Illo, wadda duk mai ciwon ciki ko shawara a unguwar wurinta yake fara zuwa.

Aisa ba ta ma bari ta dire tambayar ba. Ta ce ina Salima ta taɓa ganin an sha magani ɗanye? Sassaƙe sai an tafasa shi ruwan ya yi jawur, saiwa sai ta yini a wuta. Duk abin da ya fi daɗewa a wuta shi ya fi ƙarfi, ko yaro ya san wannan. Farin man nan na kwalba ai kwalliya ce ta mutanen birni, ruwa-ruwa, ba ya shiga jijiya.

"Dafa shi, Salima. Dafa shi har ya yi baƙi. Ƙanena ne, ba zan cuce shi ba."

Maganar ta zauna wa Salima daram, don ita ma can ƙasan ranta haka take gani. Ta koma gida da sauri har tana tuntuɓe. Ta ɗauki kwalba biyu na man riɗi, cikin wanda ta tanada don kasuwa, ta juye su a kaskon ƙuli-ƙuli a kan tsohon man da ke ciki, ta hura wuta. Man ya yi zafi, ya fara hayaƙi, hayaƙin ya cika tsakar gida har kaji suka bar wurin. Idonta yana ruwa tana ƙara itace. Da ya huce ya zama kamar ruwan kanwa mai kauri, ta cika ludayi ta kai wa maigida.

Illo ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce to, wannan ko daga ɗacinsa ka san magani ne. Shi dama yana son ƙaurin nan, tun yana yaro yake lashe ƙanzon kasko.

Daga ranar aka kafa doka. Ludayi da safe kafin ya bi shanu, ludayi da yamma a kan tuwo. Kaskon bai ƙara ganin wanki ba. In ya ragu ta ƙara sabo a kai ta sake ɗora shi, ta toya ƙuli-ƙuli a ciki, ta toya ƙosai, don kada ƙarfin jiya ya ɓata. Da ƙwayoyin likita suka ƙare, Salima ta ce a koma a karɓo wasu. Illo ya ce tafiyar Magariya ba tafiyar bayan gida ba ce, ga shanu, ga sharar gona, kuma me ake da ƙwaya tunda ga uwar magani a kasko? Ta so ta ja, sai ta ga da gaskiyarsa.

To, ana magani kai na kaba. Cikin mako na biyar Illo ya fara cewa takalminsa ya tsuke. Takalmin fata da ya yi shekara uku yana sawa, yau shi ne ya tsuke! Salima ta durƙusa ta danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Hutun rana ma ya daina kwanciya, sai ya jingina da garu a zaune, wai in ya kwanta kamar an ɗora masa dami a ƙirji. Kullum da safe takan tsaya bakin ƙofa ta bi shi da ido yana bin shanu. Da sai ya kai tsamiyar bakin hanya kafin ya tsaya. Yanzu kafin tsamiya yakan tsaya sau biyu, ya dogara da sanda yana yi kamar ƙirga shanu yake.

Salima ta rasa inda za ta sa kanta. Abinci ya daina shiga mata. Tana cikin daka sai ta ajiye taɓarya ta je ta leƙa kaskon, ta dangwala ta ɗanɗana, ta ce a ranta bai dahu ba. Duk laifin a kanta take ɗora shi. Wataƙila tana sauke shi da wuri. Wataƙila itacen ne ba shi da ƙarfi, sai ta koma kirya, mai cin wuta. Ta ƙara ludayi na uku da rana. Kwalabenta na kasuwa suka ragu daga ashirin zuwa goma sha biyu, sauran duk sun shige kasko, ko a jikinta. 'Yar kasuwar Magariya ta yi ƙorafi, Salima ta ba ta gomanta ta ce ta yi haƙuri, gida babu lafiya.

Aisa takan leƙo, ta duba ƙafar, ta ce ciwon ne yake saukowa ƙasa zai fita ta tafin ƙafa. Salima tana so ta yarda, amma jiki magayi. Mutumin da ciwo yake fita daga jikinsa ba ya yin magana yana yanke ta biyu don ya ja numfashi.

Ran wata Talata da safe aka buɗe garke, shanu suka fita, Illo ya yi taku kamar goma ya zauna a kan turmi. Shanun suka kai tsamiya suka tsaya suna waiwaye, don ba su saba tafiya ba shi ba. Bai ce santsi ba wannan karon. Ya dubi matarsa kawai, kuma abin da ta gani a idonsa ya ishe ta. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta aika aka kira ƙanensa ya karɓi shanu, ta sa aka nemo mai moto, wato babur, ta ƙulle 'yan kaya a zane. Har sun fita ta komo da gudu ta ɗura baƙin man a kwalba ta cusa a ƙullin. Tana so majo ya gani da idonsa cewa ba sakaci ta yi ba.

Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Moto ya kai su garin Waca cikin rairayi, Illo a tsakiya, ita a baya tana riƙe da shi. A tasha suka tarar motar Magariya saura mutum huɗu ta cika, direba kuma ya rantse ba zai tashi da kujera a wofi ba. Salima ta zauna, ta tashi, ta zagaya motar, ta je ta tsaya bakin hanya tana hangen ko wani zai ɓullo da kaya a ka. Duk wanda ya gifta sai ta tambaye shi ko Magariya za shi. Wani mai shayi ya ce Inna ki zauna mana, ai kin sa mu ma mun gaji. Ba ta ko kalle shi ba. Abu ɗaya take ta maimaitawa a zuci: in majo ya tambaye ta sa'a nawa take barin man a wuta, me za ta ce? In ya ce da ta ƙara dafa shi da mijinta bai kai haka ba fa?

Sai bayan azahar suka isa. Majon sunansa Sirajo, mutum mai 'yar furfura a gemu, ba mai yawan magana ba. Ya gane Illo. Ya ɗaura masa abin awo, ya hura, ya duba, ya kwance ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Ya danna ƙafa, ya saurari ƙirji da baya. Sannan ya sa aka kwantar da shi a gado da matasai uku a bayansa, aka yi masa allura. Duk wannan Salima tana tsaye a bakin ƙofa rungume da ƙullinta, an nuna mata benci ta kasa zama.

Da ya gama ya juyo ya tambayi yaushe rabon Baba da ƙwayoyi. Illo ya dubi rufin ɗaki. Salima ce ta amsa, ta ce sun ƙare kwana ashirin da suka wuce, amma ba a zauna haka ba, ana ba shi man da majo ya ce, ludayi uku kullum. Ta kwance ƙulli ta miƙa kwalbar.

Sirajo ya ɗaga ta wajen taga, haske ya ƙi ratsa ta. Ya buɗe ya shinshina, ya kau da kai.

"Inna, wannan mene ne?"

"Man riɗi ne, da na gyaɗa kaɗan. Kusan kwana hamsin ke nan kaskon bai huce ba. In bai dahu ba ne ka faɗa mini, wallahi zan ƙara."

Majo ya ajiye kwalbar a kan tebur. Ya jawo kujera ya ce ta zauna, wannan karon ta zauna. Bai yi mata faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. A hankali ya tambaye ta, ita da take sana'ar mai, wanne ya fi daɗewa a kwalba bai juya ba? Ta ce na riɗi, nesa ba kusa ba, yakan yi watanni bai yi wari ba. Ya ce to, akwai abin da Allah ya sa a cikin ƙwayar riɗi wanda yake tsare man daga lalacewa, masu bincike kuma suna ganin irin wannan yana taimakon hanyoyin jini in mutum ya ci shi a madadin man shanu da kitse. Amma wuta tana cinye shi. Duk sanda mai ya yi hayaƙi, aka sauke aka sake ɗorawa, abin kirkin yana ƙonewa, abin da ya rage kuma nauyi ne ga mai ciwon zuciya. Ya ce ko sabon ma ba magani ba ne, abinci ne, cokali ɗaya a kan tuwo ya isa. Maganin shi ne ƙwayoyin da aka bari.

"Na faɗa wa Baba ranar nan. Na ce sabo, na ce kaɗan, na ce kada ya bar ƙwaya ko ya ji sauƙi."

Daga kan gado Illo ya yi gyaran murya. Ya ce an faɗa, shi ne bai kawo mata duka ba. Ya faɗi haka yana yanke maganar gida uku, kuma tun da Salima take da shi ba ta taɓa jin ya karɓi laifi a gaban baƙo ba.

Ita dai ba ta ji sanyi ba. Majo ya ce barin ƙwaya shi ne babban abin, ta ji, amma hannun da ya cika ludayi sau uku kullum nata ne. Ta tuna hayaƙin da ta shaƙa, da kiryar da ta saro, da yadda take tsayawa a kansa sai ya shanye. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ta. Ta tambaya da ƙyar, to wane iri ne sabon da yake nufi, don kada ta sake kuskure.

Sirajo ya ce bari ma ta gani. Ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin tebur, ya ce yau da safe ya saya wa tsohuwarsa, ita ma tansiyo gare ta, shekara huɗu ke nan ba ya saya mata wani sai wannan. Wata mata ce take kawo shi kasuwa daga wajen Guci, bai san mai matsa shi ba, amma ko wace ce ta iya aikinta. Ya ɗora kwalbar a kan tebur kusa da baƙar.

Garau take, haske yana wucewa ta cikinta. Bakinta toshe da totuwar masara, naɗe da shuɗin ƙyalle. Salima ta san ƙyallen, tsohon zanenta ne na sallar bara waccan.

"Ni na matsa shi," ta ce, muryarta ba ta fita sosai ba.

Majo ya dube ta, ya dubi kwalaben biyu, ya yi salati. Da Aisa tana wurin da ta ce kaza ta kwana a kan dami, amma babu wanda ya yi dariya a ɗakin. Salima ta sa gefen mayafi ta rufe fuska ta yi kukanta, ba mai sauti ba.

An ce Illo zai kwana uku a ga yadda ruwan ƙafar zai sauka. Ko zai sake bin shanu, majo ya ce kada a yi gaggawa, a bar wa Allah a kuma riƙe ƙwaya. Da la'asar Salima ta fita bakin titi ta samo dafaffen wake wurin wata mai abinci, ta roƙe ta ta ɗebo mata daga tukunyar da ba a sa wa gishiri ba tukuna. Da ta dawo ta tarar majo ya bar kwalbar farin man a gefen gadon, da cokali a kai.

Ta zare totuwar. Hannunta ya saba da ludayi, sai da ta riƙe wuyan hannun da ɗayan kafin ta tsaya a cokali guda. Ta juya waken ta miƙa masa. Illo ya kai loma, ya tauna a hankali, ya ƙara wata. Ta zuba masa ido tana jiran ya ce ɗanye ne, ba shi da ɗanɗano, kamar yadda yake kushe duk abin da bai saba da shi ba.

"Salima," ya ce, "ashe haka man gidana yake?"

Shekara talatin da ɗaya tana matsa shi a tsakar gidansa, yau ne ya fara ɗanɗana shi, a gadon likita, daga kwalbar da wani ya saya. Ta mayar da totuwar ta toshe, ta gyara masa matashi, ta ce ya ci a hankali.